Tsinken Tsintsiya Bai Isa Awon Takalmi Ba

  Ina gaida mutanen Kazaure da na Babura. Ina gaida na Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, da duk wanda muryata ta iske, ko a gida, ko a shago, ko a bakin tasha.

Yau a shirinmu na faɗakarwa maganar takalmi za mu yi. Takalmi da ƙafar da ke cikinsa.

Bari in fara da abin da kowa ya sani. Sallah ta ƙarato, ko kuma an kusa komawa makaranta. Maigida zai shiga Kano sayayya. Uwargida ta kira yaro, ta ce ya taka ƙasa. Ta zaro tsinken tsintsiya, ta ɗora daga diddige zuwa babban yatsa, ta karya. Sannan ta miƙa wa maigida ta ce, "Malam, ga awon. Amma a ƙara masa kaɗan, zai girma a ciki."

Zai girma a ciki. Wa bai taɓa jin wannan magana ba? Ni ma da ita aka raine ni. Na sa takalmin Sallah da aka cusa wa takarda a baki. Na je Idi ina jan ƙafa, na dawo da bororo a diddige. Iyayenmu ba mugunta suka yi ba. Tattali ne, kuma kuɗi ba a ƙasa ake tsintarsu ba. Amma akwai takalmin da wannan tattali yake zama asara, har ya kai yaro gun maɗori. Shi nake so mu duba yau.

Shirin kashi uku ne. Da farko za mu leƙa ƙasashen sanyi, wurin mutanen da suka fi kowa tsantseni a awon takalmi. Daga nan mu ji yadda suke awon, mataki mataki. A ƙarshe mu dawo gida, kan takalmin taya, da but ɗin ƙwallo, da takalmin makaranta. Ku gyara zama.

To, ga kashi na farko.

A ƙasashen da ruwa ke daskarewa ya zama dandamali, akwai wani wasa da ake yi a kan ƙanƙara. Wataƙila kun taɓa gani a talabijin ko a waya. Mutum ya sa takalmi mai dogon wuya. A ƙasan takalmin an ɗaura wani ƙarfe siriri kamar ruwan wuƙa. Da shi yake zamiya, yana juyi kamar katantanwa, yana tsalle ya wulwula a sama ya dira, duk a kan kiɗa. Wasan zamiya da rawa a kan ƙanƙara ke nan. Tsohon wasa ne. Ƙungiyar da ke kula da shi a duniya tun 1892 aka kafa ta a ƙasar Holan. Ya shiga gasar Olamfik a 1908 a birnin Landan.

A da can, ƙarfen daban yake, ana ɗaura shi da madauri a jikin takalmin yau da kullum. Wani Ba'amurke mai suna Jackson Haines, wanda ya yi tashe a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya wajen shekarun 1860, shi ake dangantawa da ɗaure ƙarfen a jikin takalmi da kusoshi, ya zama abu guda. Tun daga lokacin, takalmin ya zama kamar wani sashe na jikin ɗan wasa.

Yanzu ku saurari wannan da kyau. Kaurin ƙarfen nan wajen milimita huɗu ne. Wato bai kai rabin santimita ba. A kansa mutum yake tsayawa. A kansa yake dira bayan tsalle, da ƙafa ɗaya, yana tafiya da baya. Masu bincike sun auna ƙarfin dirar, suka ga yakan kai ninki biyar na nauyin mutum, har ya wuce. Mu ɗauki yarinya mai nauyin kilo 50. Ninki biyar, kilo 250 ke nan. Buhun siminti biyar. Buhun siminti biyar a kan idon sawu ɗaya, a kan ƙarfe siriri, a cikin ƙiftawar ido.

To, in ƙafa tana yawo a cikin takalmin fa? Ko da rabin santimita ne? Ƙarfen zai karkace, idon sawu ya lanƙwashe. Daga nan sai targaɗe, ko gocewa, ko karaya.

Bari in ba ku wani labari da ya faru a idon duniya. A shekarar 2010, a gasar Olamfik ta lokacin sanyi a birnin Bankuba na ƙasar Kanada, akwai wani ɗan wasan Japan, sunansa Nobunari Oda. Bayan zagayen farko shi ne na huɗu, yana hango lambar yabo. A zagaye na biyu, yana tsakiyar wasa, igiyar takalminsa ta tsinke. Dole ya tsaya ya gyara, aka rage masa maki. Ya ƙare a na bakwai. Shekara da shekaru na atisaye, igiyar takalmi ta shiga tsakani. Shi ya sa mutanen nan ba sa wasa da komai na takalmi, daga awo har ɗauri.

Me ya kai mu ƙasar ƙanƙara, alhali mu nan ƙanƙarar da muka sani ta cikin kula ce, sai ko wadda takan zubo da ruwan sama jefi-jefi? Dalili shi ne ƙafa ƙafa ce. Ta ɗan Japan da ta ɗan Roni, ƙasusuwa 26 ne a kowace. Abin da suka koya da wahala, mu za mu ɗauka a sauƙaƙe.

Masu sauraro, mun shiga kashi na biyu. Yaya suke awon?

A wurinsu ba a aiken sabon takalmin wasa. Mai ƙafa shi yake zuwa da ƙafarsa. Akwai gwanaye da aikinsu ke nan, auna ƙafa da daidaita takalmi, kamar yadda tela yake auna mutum kafin ya sa almakashi.

Gwanin zai sa ka miƙe tsaye. Ba a zaune ake awo ba. Me ya sa? Domin idan ka tsaya, nauyinka yana danne ƙafa, ta baje, ta ƙara tsawo da faɗi. Awon zaune ƙarya yake yi. Zai auna ƙafa biyu, dama da hagu, domin yawancin mutane ƙafarsu ɗaya ta ɗan fi ɗaya. Da babbar ake sayen takalmi. Kuma sun fi son awon yamma, saboda ƙafa takan ɗan kumbura bayan an wuni ana takawa. Takalmin da ya yi maka daidai da hantsi, yana iya matse ka da la'asar.

A tsaye. Ƙafa biyu. Da yamma. Ku riƙe waɗannan ukun, za mu dawo kansu.

Sannan ba tsawo kaɗai yake aunawa ba. A nan ne tsinken tsintsiya ya gaza. Tsinke tsawo kawai ya sani. Bai san faɗi ba. Gwanin yana zagaya ma'auni a wurin da ƙafa ta fi faɗi, wato gindin yatsu. Yana duba diddige, siriri ne ko mai kauri. Yana duba bayan ƙafa, mai tudu ne ko shimfiɗaɗɗe. Mutum biyu za su iya zama lamba ɗaya a tsawo, amma takalmin ɗaya ba zai shiga ɗaya ba. Wannan ya shafe mu ƙwarai. Wanda ya tashi yana yawo da silifas ko ba takalmi, a gona da kiwo, sau da yawa yatsunsa a baje suke, gaban ƙafarsa da faɗi. In takalmi ya matse shi a gefe, sai a ce a ƙara lamba. A ƙara ɗaya, a ƙara biyu. Faɗin ya samu, amma tsawon ya yi yawa, diddige yana fita. Maganin ba ƙarin lamba ba ne. Maganin shi ne a nemi wani ƙirar mai faɗin gaba. Kamfanonin takalmin ƙanƙara, irin su Jackson na Kanada, da Riedell na Amurka, da Edea da Risport na Italiya, kowanne da irin ƙirarsa. Shi ya sa gwani ba ya fara tambayar wane suna kake so. Ƙafarka yake kallo, ita za ta zaɓi kamfani.

Tun da mun taɓo lamba, bari in ɗan tsaya a nan, domin tana ruɗa mutane da yawa a kasuwa. Lambar da muka saba da ita, 38, 40, 42, lissafin Turai ne da ya samo asali daga Faransa. Tsakanin lamba da lamba, kashi biyu cikin uku na santimita ne. Wato lamba uku, santimita biyu. Ingila kuwa nasu daban ne. Za ka ga 7 ko 8 ko 9. Tazararsu kashi ɗaya cikin uku na inci ce, tsohon awo da aka ɗauko daga tsawon ƙwayar sha'ir. Lamba 8 ta Ingila tana kusa da 42 ta Turai. Amurka ma da nata lissafin. Kayan gwanjo kuwa daga ko'ina suke zuwa, a dila ɗaya za ka tarar da duka. Kuma ko a lissafi ɗaya, 42 ta wannan kamfani ba lallai ta zama 42 ta wancan ba. Kamfanonin Italiya da na ambata kuwa suna rubuta tsawon da milimita kai tsaye, 245, 250, 255. Lamba jagora ce kawai. Ƙafa ce alƙali.

To, an kawo takalmi, an zo gwaji. Ku bi ni a hankali, domin nan ne zuciyar shirin.

Za ka sa safar da za ka riƙa wasa da ita. 'Yan wasan ƙanƙara safa marar kauri suke sawa, duk da sanyin wurin. Wasu ma ba sa sawa sam. Safa mai kauri tana raba ƙafa da takalmi, kuma in ta naɗe sai ta zama abin gurza.

Za ka sassauta igiya har ƙasa, ka zura ƙafa. Sai ka ɗaga yatsu sama, ka buga diddigen takalmin a ƙasa, sau biyu ko uku. Wannan bugun yana mayar da diddigenka can ƙuryar baya, inda aka yi masa mazauni. Sai a ɗaure.

Ɗaurin ma da ƙa'idarsa. Wajen yatsu, a ja daidai, kada a shaƙe. A lanƙwasar ƙafa, inda ƙafa ta haɗu da ƙwauri, nan ake ja da ƙarfi, domin nan ne ke kulle diddige. Can sama a wuyan takalmin kuma a ɗan sassauta, yadda yatsa zai iya shiga, domin gwiwa ta samu lanƙwasawa. Da yawa suna yin akasin haka. Su bar tsakiya sako-sako, su shaƙe sama, har su zagaya igiya a ƙwauri. Wannan yana jawo ciwon jijiyar gaban ƙafa, inda igiya ke cizo.

An ɗaure. Yanzu miƙe tsaye. Yatsunka su ɗan shafi gaban takalmin, shafa kawai, ba dunƙulewa ba. Ka iya motsa su sama da ƙasa. Sai ka lanƙwasa gwiwa kamar za ka zauna a kujera. Za ka ji yatsun sun ɗan ja baya. In haka ta faru, tsawo ya yi.

Saura babban gwaji, gwajin diddige. Wani ya riƙe maka takalmin a ƙasa, kai kuma ka yi ƙoƙarin ɗaga diddigenka a ciki. In ya ɗaga, takalmin ya yi yawa. In bai motsa ba, an dace. Zan maimaita. Yatsu su motsa, diddige kada ya motsa. Yatsu su motsa, diddige kada ya motsa. Duk wanda ya riƙe wannan, ya riƙe rabin shirin yau.

Me ya sa diddige? Domin in yana hawa yana sauka, gurza yake yi. Da farko bororo. In aka daɗe, ƙashin bayan diddige yakan yi wani ƙullutu mai ciwo, wanda ba ya saurin tafiya. Kuma ƙafar da ta ji tana zamewa, yatsunta sukan dunƙule su kama ƙasan takalmi, kamar kaza a kan reshe. Daga nan sai gajiya, da kanta a kan yatsu, da farcen da ya yi baƙi.

Akwai wata dabara mai sauƙi, musamman ga yaron da bai iya faɗin abin da yake ji ba. A zaro shimfiɗar cikin takalmin, a ajiye a ƙasa. Yaro ya taka ta a tsaye, diddigensa daidai da bakin baya. Idonka zai nuna maka komai. Za ka ga sararin da ya rage a gaba. Za ka ga ko ƙafar ta zubo ta gefe. A takalmin ƙanƙara, babba ba a bar masa fiye da kamar rabin santimita. Yaro mai girma a bar masa santimita ɗaya, kada a wuce.

Abu na ƙarshe a wannan kashi shi ne tauri. Takalmin ƙanƙara hawa-hawa ne. Na ɗan koyo da laushi. Na gwanin da ke tsalle mai juyi uku kuwa da tauri kamar itace. Wasu iyaye a can sukan ce bari mu saya wa yaro mafi tsada, na zakaru. Sai yaron ya kasa lanƙwasa shi, domin nauyinsa bai kai ba. Gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, ciwo ya koma gwiwa da ƙugu. Mafi tsada ba shi ne mafi dacewa ba.

Kuma ko an dace, sabon takalmi sai an saba da shi. Ba a sa shi yau a wuni a ciki. Minti 20 ko 30 a rana ta farko, a cire, a duba ƙafa. Gobe a ƙara kaɗan. Wasu takalman na zamani ana ɗumama su a wani murhu na musamman a shago, a sa wa mai su da ɗumi, su ɗauki siffar ƙafarsa. In wuri ɗaya ne ke danna ƙashi, gwani yana da abin da yake turo wurin daga ciki ya buɗe. Amma ku lura. Matsatsen wuri ana iya buɗa shi. Takalmin da ya yi yawa kuwa, babu gwanin da zai rage shi.

Jama'a, idan yanzu kuka kama mu, shirin faɗakarwa ne, muna maganar awon takalmi. Mun je ƙasar ƙanƙara mun dawo. Ga kashi na uku, na gida.

Duk wanda ya shiga Kano a 'yan shekarun nan ya ga samari da takalmin taya suna sheƙa gudu a kan kwalta. Yaranmu ma sun gani, a hanya da kuma a waya, suna ta roƙo a sayo musu. Takalmin tayan nan mai jeri ɗaya ɗan'uwan na ƙanƙara ne na jini. Wasu 'yan'uwa biyu a jihar Minesota ta Amurka, Scott da Brennan Olson, masu wasan hoki na ƙanƙara, su suka farfaɗo da shi wajen 1980, don su riƙa atisaye lokacin da ƙanƙara ta narke. Daga nan kamfanin Rollerblade ya fito. An cire ƙarfe an sa tayoyi, amma tsayuwar ɗaya ce. Mutum yana kan siririn layi, idon sawu ne ke ɗauke da komai. Don haka duk abin da na faɗa a kashi na biyu ya hau kansa daidai.

Baba, in ɗanka ya matsa sai ka sayo masa, ga roƙona. Kada ka sayi takalmin taya da niyyar zai girma a ciki. A takalmin Sallah, sakamakon bororo ne. A takalmin taya, sakamakon karaya ne. Ka tsaya a bayan yaron ka kalli ƙafafunsa. In ka ga tayoyin sun kwanta, idon sawunsa ya faɗa ciki kamar zai haɗe, to ko dai takalmin ya yi masa yawa, ko wuyansa ya mutu. A cire.

Na san abin da za ka ce. "Malam, ƙafar yaro ba ta tsayawa, kuɗin kuma fa?" Gaskiya ne. Yaron firamare yakan ƙara kamar lamba guda a shekara, wani lokaci fiye. Amma akwai mafita. Akwai takalmin taya na yara mai maɓalli a gefe, ana dannawa a ja gabansa ya ƙara tsawo, har lamba uku ko huɗu. Ka tambayi mai shago wannan. Shi ne tattalin da ba ya cutarwa. In babu shi, gwamma na gwanjo mai sauƙin kuɗi da ya yi daidai, da sabo mai tsada da ya yi yawa.

Na gwanjon ma sai an duba. Ka kama wuyan takalmin da hannu ka matsa. In ya lanƙwashe kamar tsumma, ko ka ga zurfafan karaya a wajen idon sawu, ya gama aiki. Ka zura hannu ciki ka shafa. Soson diddige ya cinye? Akwai kan ƙusa ko tsagewa? Maɗaurin roba yana kamawa, ko yana suɓucewa? Ka juya tayoyin ɗaya bayan ɗaya. In an kai gida, a wanke shimfiɗar ciki, a shanya a inuwa mai iska. Kada a kanga a wuta, kada a bari a tsakiyar rana, domin zafi yana sakin gam, yana busar da fata. Takalmin da ba ya bushewa shi ke kawo cin ruwa a tsakanin yatsu.

Ku kuma samari, ƙannena, magana ɗaya zan yi muku a nan. Hular kwano da makarin gwiwa da na hannu ba ado ba ne. Kuma don Allah ku bar kama bayan Adaidaita Sahu da manyan motoci. Hanyar Kano zuwa Daura da ta ratsa Kazaure ba filin wasa ba ce. Ku nemi fili mai santsi inda mota ba ta bi.

Sai but ɗin ƙwallo. Da la'asar, babu filin makaranta daga Babura zuwa Gwiwa da ba za ka ga ƙura na tashi ba. Nan ma matsalar ɗaya ce, amma ta fuska biyu. Wani ya ari but ɗin yayansa, ya sa safa uku don ya cike. Wani kuma ya ji an ce manyan 'yan wasa matsatse suke sawa, sai ya sayi wanda ya gaza, yana dunƙule yatsu, farce yana shiga nama. Duka biyun kuskure ne. But ya rungumi ƙafa, ya kulle diddige, ya bar ɗan sarari kamar rabin faɗin babban yatsan hannu a gaba. Kuma filayenmu busassu ne masu tauri, musamman da rani. But mai dogayen haƙora na ciyawa mai laushi ne. A ƙasa mai tauri, mai gajerun haƙora da yawa ya fi, domin dogayen suna soka tafin ƙafa, suna kuma karkatar da idon sawu. Kada kuma a fara sa sabon but ranar gasa. A saba da shi a atisaye tukuna.

Takalmin makaranta shi ne ya fi sassauci. A nan, uwargida, kina da gaskiya, ana barin wurin girma. Amma da iyaka. Faɗin babban yatsan hannunki, daga ƙarshen yatsan yaro mafi tsawo zuwa bakin takalmi. Santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Lamba biyu ko uku a sama ya wuce iyaka. Kuma a zaɓi mai igiya ko mai maɗauri, wanda zai riƙe diddige ko da akwai sarari a gaba. Ki tuna, ƙasusuwan ƙafar yaro ba su gama ƙwari ba sai ya kusa shekara 18. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma takalmi ma yana tanƙwarawa. Yaro ƙarami sau da yawa ba zai ce takalmi ya matse shi ba. Ke za ki duba. In ya cire ki ga ja a gefen ƙaramin yatsa, ko bororo, ko yana yawan tuntuɓe, ko yana cire takalmi ya riƙe a hannu a hanyar makaranta, ƙafar ce take magana. Duk farkon zango a sake gwadawa.

Kafin in wuce, kalma ɗaya ga iyayenmu masu ciwon suga. Ciwon yakan kashe jin ƙafa. Takalmi ya gurje mutum bai sani ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo. Alhaji, Hajiya, kada ku dogara da abin da kuke ji. Ku duba ƙafa da ido kullum, ku shafa cikin takalmi da hannu kafin ku sa. In kun ga rauni, ko ƙarami ne, a je asibiti da wuri.

To, mu koma kan tsinken tsintsiya. Ba kowa ne zai iya ɗaukar yara biyar ya kai su Kano gwaji ba, kuɗin mota kaɗai ya isa. Ga abin da za a yi a madadinsa, kuma ba ya cin ko sisi.

A samo kwali, ko da na taliya ne. A bari sai bayan la'asar. Yaro ya sa safar da zai riƙa sawa, ya tsaya a kan kwalin, nauyinsa a kan ƙafa biyu, yana kallon gaba. Ba ya sunkuyo yana leƙe ba. Wani ya riƙe biro a tsaye cak, kada ya karkata shi ƙarƙashin ƙafa, ya zagaye ƙafar gaba ɗaya. A yi wa dama, a yi wa hagu. A tsaye, ƙafa biyu, da yamma. Sai a yanke zanen da almakashi, a rubuta sunan yaro a kan kowanne. A ƙara da zare guda, a zagaya gindin yatsu inda ƙafa ta fi faɗi, a ƙulla a daidai inda ya haɗu, don a san kaurin ƙafar.

Maigida, idan ka isa kasuwar Kofar Wambai ko ta Sabon Gari, ka zura kwalin cikin takalmin, ka tura shi har ƙuryar diddige. In gefensa ya naɗe, takalmin ya matse. In bakinsa ya lanƙwashe, ya gaza. In ya kwanta lafiya, sai ka sa yatsa ka ji sararin da ya rage a gaba. Na makaranta, faɗin babban yatsa. But, rabin haka. Na taya, kada ya wuce santimita ɗaya. Kuma kafin ka biya, ka yi magana da mai shago a fili: in an kai gida bai yi ba, za a dawo a canza. In an kai gida, a gwada a kan tabarma don kada ƙasan ya yi datti. A buga diddige, a ɗaure, a miƙe, a lanƙwasa gwiwa. Yatsu su motsa, diddige kada ya motsa.